Larabar Umma

"An fasa."

Haka Baffa Isiyaku ya faɗa tun bai gama zama a kujerar da Abbanmu yake zama lokacin yana raye ba. Ko ruwan da na ajiye masa bai kalla ba.

Ina durƙushe a gabansa. Na ɗago na dube shi, na ɗauka kunnena ne bai ji daidai ba.

"Baffa, me aka fasa?"

"Au, tambayata ma kike yi? Maganar aurenki da yaron nan Taufiq. Mun yi bincike, kuma Allah ya rufa mana asiri tun ba a je ko'ina ba. Ranar Asabar mutanensa su zo su kwashe goronsu da alawarsu."

Baffa ƙanin Abbanmu ne, shi ne waliyyina tun da Abba ya rasu a haɗarin mota a hanyar Zuba. Siminti yake sayarwa a bakin babbar kasuwar Suleja, maganarsa ma kamar buhun simintin take, in ya dire ta ba mai iya ɗagawa. Ba mugu ba ne, Allah ya sani. Shi ya riƙe karatuna har na zama malamar makaranta. Amma in ya kafe, to ya kafe.

Gwaggo Sailuba, ƙanwarsu, tana gefe tana kaɗa ƙafa. Ta miƙo min wayarta tana yatsine baki.

"Ungo, kalli angon naki."

Bidiyo ne, daga nesa aka ɗauka. Taufiq ne ya sauka daga babur ɗinsa, ya kafe shi, ya shiga wani gida mai koriyar ƙofa a can bayan Iku. Na san gidan. Gidan Sauƙi sunansa, inda ake taimakon masu shaye-shaye da masu ciwon damuwa. Akwai ranar maza, akwai ranar mata, akwai ranar da iyaye ke zuwa da 'ya'yansu. Sai dai a unguwarmu ba mai kiransa da sunansa, gidan 'yan ƙwaya kawai ake cewa, a kuma tofar da yawu.

"Gwaggo, wa ya ɗauki wannan?"

"Mai ƙaunarki da gaskiya."

Ba sai an faɗa min ba, Fakhruddeen ne. Wani ma'aikacin Abuja da ya kama haya a layinmu, wanda turarensa yake riga shi yin sallama. Tun da na ce masa ya yi haƙuri an riga shi, sai ya bar ni ya koma zance wurin Gwaggo, yau atamfa gobe kaji. Ni da na ga haka har na ce ko ita zai aura ne mu huta.

Na ce, "Baffa, ai na sani."

Baffa ya juyo kaina.

"Kin san me?"

"Na san ya taɓa shan kodin. Shi ya faɗa min da bakinsa, tun kafin ya ce yana so na. Ya daina shekaru da dama, Baffa. Yanzu ma taimakon wasu yake zuwa yi."

Gwaggo ta tafa hannu. "La'ilaha illallahu! Kun ji ko? Ta sani! Wallahi yarinyar nan ba a banza aka bar ta ba."

Baffa ya ɗaga mata hannu, ya dube ni.

"Sakinatu, hali zanen dutse ne. Wanda ya warke me zai mayar da shi asibiti? Ni ba zan ɗauki amanar ɗan'uwana in miƙa wa ɗan ƙwaya ba. Na gama magana."

Na juya wurin Umma hawaye na zubo min. Tana bakin ƙofar ɗakinta a kan tabarma, tana tsinkar zogale a faranti. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

Ni ce 'yar farin Umma, kuma Umma mutuniyar da ce. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" take ce min, in a gaban mutane ne kuwa "yarinyar nan". In an yabe ni sai ta kau da kai, in an dake ni sai ta shige ɗaki. Wai kunya. Na taso na saba, amma ranar na ji haushin kunyar nan har cikin raina.

Da suka tafi na bi ta ɗaki, na faɗa jikin ƙafafunta.

"Umma, ki ce wani abu. Don Allah, Umma. Ke kaɗai Baffa yake jin nauyi."

"Baffanki ya fi ni sanin abin da ya dace."

"Amma kin ga Taufiq. Kin ga yadda ya zo gaishe ki, ko ido bai iya haɗawa da ke ba. Mutumin banza haka yake?"

Na ji ƙafarta ta ɗan motsa a ƙarƙashin hannuna.

"Ke, tashi ki ɗora tukunya."

"Umma, in ban aure shi ba wallahi ba zan ƙara jin daɗin duniya ba. Ba don kuɗi ba, ba shi da su. Mutumin da ya faɗa min aibinsa da kansa alhali zai iya ɓoyewa, ina zan sami irinsa?"

Na ɗago na ga idonta ya kaɗa ya yi ja. Na ɗauka hawan jininta ne ya tashi, domin tun bayan rasuwar Abba duk Laraba sai ta ɗauki mayafi ta tafi asibiti awo, ita kaɗai, ba ta yarda kowa ya raka ta. Tsoro ya kama ni, na share hawayena na fita na bar ta.

Bayan la'asar Taufiq ya zo. Bai shigo zaure ba, a gindin mangwaron ƙofar gidanmu ya tsaya. Da kayan aikinsa ya taho daga shagonsa na Madalla, inda yake haɗa tagogin alminiyom, har da ƙurar ƙarfen a gashin kansa. Kallo ɗaya na yi masa na san labari ya riga ni.

"Kin yi kuka," ya ce.

"To dariya zan yi?"

Ya sunkuyar da kai. "Baffa ya kira kawuna Almu. Na ji komai."

"Taufiq, ka daina zuwa Gidan Sauƙin nan mana! Ko na ɗan lokaci ne. Ka ce wa Baffa ka bari, a ɗaura auren, daga baya Allah ya san yadda zai yi da mu."

"In yi masa ƙarya ke nan?"

"To ka bari da gaske!"

Ya murza makullin babur a hannunsa.

"Sakina, kin san a yadda aka kai ni gidan can? A bayan a-kori-kura, ɗaure da igiyar shanya. Mahaifiyata ta gama yawon masu magani da ni, har mari aka sa min a ƙafa. A can ne aka fara kwance ni, Anti Tobiloba mai kula da wurin ta zaunar da ni a kujera ta ce, yaya sunanka? Wallahi na manta rabon da a tambaye ni sunana. Yanzu akwai samari da suke zuwa don sun ga na tsaya da ƙafata. In na daina zuwa saboda an ce wurin abin kunya ne, me na gaya musu ke nan?"

"Ni fa? Me ka gaya min?"

Kuka ya ƙwace min. Shi ma na ga ya juya baya yana goge ido da hannun riga.

Can wata dabara ta faɗo min.

"Tsaya. Ba ka ce min manyan mutane suna zuwa ba? Alhazai, ma'aikata, matan aure? Ka faɗa wa Baffa sunan mutum ɗaya da yake ganin girmansa. Ɗaya tak. In ya san ba 'yan tasha kaɗai ke zuwa ba, zai sauko."

Ya girgiza kai tun ban rufe baki ba.

"Ba zan iya ba."

"Saboda me?"

"Doka ce, kuma amana ce. Wanda ka gani a can, a can ka bar shi. Ko a hanya kuka haɗu ba ka san shi ba, sai in shi ya fara nuna ya san ka. Da ba don haka ba, ba mai taka ƙofar nan."

"Ko da za ka rasa ni?"

Ya dube ni, ya dubi ƙofar gidanmu, ya daɗe yana kallonta. Ban gane kallon ba a lokacin.

"Ko da zan rasa ki, Sakina. Kuma Allah ya san rasa kin ya fi min komawa igiyar nan ciwo."

Ana cikin haka wata baƙar mota ta tsaya a gefenmu, gilashi ya sauka, turare ya buso. Fakhruddeen ne, da murmushinsa.

"Malama Sakina, barka da yamma. Oga, yaya jiki? An sha magani dai ko?"

Jinina ya tafasa. Na buɗe baki zan wanke shi tas, Taufiq ya riga ni.

"Jiki alhamdu lillahi. Na ga bidiyon, ka iya ɗauka. In wata rana wani naka ya buƙaci wurin, ka kira ni, zan raka ku."

Murmushin ya ɗauke. Ya ja motarsa ya yi gaba, ya bar mu da ƙura.

Ni kuwa ban huce ba. Na ce wa Taufiq ya je ya auri amanarsa, na shige gida na bugo ƙofa. Ina shiga zaure na yi karo da Umma a tsaye da buta a hannu. Ban san tun yaushe take wurin ba. Na ratse ta na shige ciki.

Asabar da hantsi suka zo, Taufiq da Kawu Almu, ƙanin mahaifiyarsa. Baffa ya sa an fito da ƙwaryar goro da katan ɗin alawa an jere a tsakar falo. Mu mata muna ɗakin Umma a bayan labule, ni da ita da Gwaggo. Gwaggo har da sabon ɗinki, kamar ranar suna.

Kawu Almu ya yi ta ban haƙuri. Ya ce yaro ya tuba, ya kama sana'a, ba ya fashin jam'i, unguwa duk shaida ce.

Baffa ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Malam Almu, ni ba azzalumi ba ne. Kai Taufiq, ɗago ka dube ni. An ce min wai wurin nan ba na 'yan iska ba ne, har mutanen kirki suna zuwa. To ga hanya na ba ka. Faɗa min mutum ɗaya mai mutunci da na sani wanda yake shiga gidan can. In je in same shi, in ya shaide ka, wallahi yau zan sa rana."

Na matsa jikin labule ina leƙe ta gefe. A raina ina cewa, faɗa mana, Taufiq, don girman Allah ka faɗa.

Yana durƙushe, gumi yana bin wuyansa.

"Baffa, ka gafarce ni. Ba zan iya kiran sunan kowa ba."

"Babu ke nan."

"Akwai, Baffa. Amma asirinsu ba nawa ba ne."

Kawu Almu ya zungure shi. "Kai, wane irin taurin kai ne wannan? Aurenka fa ake magana!"

"Na sani, Kawu."

Muryarsa ta karye a kan kalmar. Ya sunkuyar da kai, na ga hawaye yana ɗiga a kan ledar falon.

Baffa ya tsuke baki. "To shi ke nan. Malam Almu, ga kayanku. Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Gwaggo ta yi hamdala a bayana har da 'yar guɗa ƙasa-ƙasa. Ni kuwa na sulale na zauna a ƙasa.

Sai na ji an dafa kafaɗata an matsar da ni gefe.

Umma ce. Ta yafa babban mayafinta, wanda take fita da shi ranar Laraba. Ta ɗaga labulen ta fita.

"Yaya Sadiya, ina za ki? Da maza fa!" in ji Gwaggo.

Ba ta ko waiwayo ba. Matar da ko sallamar Taufiq ta ji sai ta shige uwar ɗaka saboda surukuta, yau ga ta a tsaye a tsakiyar falo.

"Isiyaku, a ajiye goron nan tukuna."

Baffa ya miƙe tsaye. "Yaya, lafiya?"

"Ka ce a kira maka mutum ɗaya da ka sani. Ban sani ba ko ina cikin masu mutunci a wurinka. In ina ciki, to ga ni."

Baffa ya zuba mata ido.

"Yaya, ban gane ba."

"Za ka gane. Duk Larabar da nake cewa na tafi awon jini, can nake zuwa, Gidan Sauƙi."

Ta zauna a hannun kujera. Taufiq ya ƙara dunƙulewa, kansa kamar zai taɓa ƙasa.

"Da yayanka ya rasu, barci ya ƙaurace min. In na rufe ido sai in ga motar nan. Kowa ya zo sai ya ce Sadiya ki yi haƙuri, Sadiya akwai tawakkali. Na yi ta gyaɗa kai. Wata maƙwabciya ta ba ni ƙwaya ta ce zan samu barci. Na samu. Daga ɗaya na koma biyu, daga nan na daina lissafi. Na fita takaba da ita, na yi azumi da ita, ina kallonku kuna yaba haƙurina."

Gwaggo ta fito daga bayan labule ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Yaya, ki yi shiru haka nan, akwai baƙi!"

"Shirun ne ya kai ni can, Sailuba."

Ta juya wurin Baffa ta ci gaba.

"Wata rana na sa niƙabi na tafi har Madalla, inda ba a san ni ba, wurin wani mai kemis da yake sayarwa ta bayan kanti. Ranar babu. Na fito, ƙafafuna suka ɗauke, na zube a gaban wani shagon tagogi. Mutane suka taru, wasu na cewa aljanu ne. Yaron nan ya fito ya kore su, ya kawo min benci da ruwa. Ya dubi hannuna yadda yake rawa, ya rage murya ya ce, Hajiya, na san wannan ciwon, na yi shi. Ba hauka ba ne, ba kuma lalacewa ba ce, kuma ana warkewa. Ya tare Keke Napep ya sa ni, ya bi mu a babur har ƙofar Gidan Sauƙi, ya damƙa ni a hannun Anti Tobiloba. Bai tambaye ni sunana ba, bai tambayi gidan da na fito ba."

Ta share ido da gefen mayafi.

"Likitansu ya yi ta rage min ƙwayar a hankali har na rabu da ita. Aka haɗa ni da mata irina, muna zama muna magana. A can na fara yi wa yayanka kukan da ban yi ba a gidan nan. Yaron nan kuwa in mun haɗu a harabar wurin sai dai ya russuna ya wuce."

Baffa ya koma ya zauna a hankali, kamar wanda aka zare wa laka.

"Ranar da aka ce mai neman yarinyar nan zai shigo gaisuwa, na ɗago na ga shi ne. Na ce shi ke nan, asirina ya tonu. Wallahi Isiyaku, gaishe ni ya yi kamar bai taɓa ganina ba. Har yau ko ita bai faɗa wa ba. Shekaranjiya ina zaure ina ji tana roƙonsa, yau ga shi kai ma ka roƙe shi. Kalma ɗaya zai faɗa ya sami mata, ya zaɓi ya tafi da goronsa. Ni kuma ina bayan labule ina kare mutuncina da hawayen 'yata. Ka ce ba za ka ba ɗan ƙwaya amana ba. To ni ban san wanda ya kai shi riƙon amana ba a garin nan."

Ban san lokacin da na fito na rungume ta ba. Ina kuka ina cewa, "Umma, me ya sa ba ki faɗa min ba? Muna ɗaki ɗaya, Umma! Ina kwana a gefenki!"

Ba ta ture ni ba kamar yadda ta saba. Ta bar hannunta a bayana.

Baffa ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa. Tunda nake ban taɓa ganin kansa ba hula ba. Da ya yi magana kuwa muryar ba tasa ba ce.

"Kullum sai na biyo ta ƙofar gidan nan. In aiko da shinkafa, in aiko da mai, in ce na riƙe gidan ɗan'uwana. Ashe ban taɓa tsayawa na ce Yaya, yaya kike kwana ba." Ya goge fuska da tafin hannu. "Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Ki yafe min, Yaya."

"Ba ka yi min komai ba sai alheri."

Ya dubi Taufiq. "Kai kuma tashi ka zauna a kujera."

"Nan ma ya isa, Baffa."

"Na ce ka tashi. Malam Almu, a mayar da goron nan ciki. Bayan sallar Juma'a ku turo manya a sa rana. Amma ka ji, yaro, ranar da maza suke zuwa wurin nan naku za ka zo ka ɗauke ni. Bincikena bai ƙare ba, sai na gani da idona."

"In sha Allahu, Baffa."

Gwaggo Sailuba ta figi jakarta. "To wallahi ba da ni ba! Gobe war haka duk Suleja ta ɗauka. Da wane ido za mu kalli mutane?"

Ta fita tana sababi. Na san Gwaggo, bakinta ba ya riƙe ko ruwan alwala. Kafin magariba labari ya gama layinmu, har gidan da Fakhruddeen yake haya. Washegari matan da suke shigowa ɗiban ruwa a rijiyarmu suka ragu, waɗanda suka zo kuma suna ɗiba suna satar kallon ɗakin Umma. Wata ma har ta ja 'yarta da ta zo gaishe ta.

Abin ya yi min ciwo ƙwarai. Umma ta sayi farin cikina da abin da ta fi tattali a duniya, ba kuma ta taɓa ce min ga abin da ta yi min ba.

Taufiq ya kira ni a waya da yamma. Na ce masa ya yafe min maganar da na yaɓa masa a gindin mangwaro.

Ya yi dariya. "Wacce? Ta in je in auri amanata? Ai na kusa."

"Taufiq, na gode. Ban san da bakin da zan gode maka ba. Ka tsince min uwa a titi tun ba ka san ni ba, ka kuma rufa mata asiri har a wurina."

"Ki gode wa Allah, Sakina. Nima tsinto ni aka yi."

Da Laraba ta zagayo na nemi izini a makaranta na zauna a gida, ban kuma faɗi dalili ba. Ina tsakar gida ina wanke-wanke ina satar kallon ƙofarta. A raina ina tsoron kada surutun mutane ya hana ta fita, ko ta sa niƙabi ta bi ta ƙofar baya.

Ta fito da mayafinta, fuskarta a buɗe. Ta sa takalmi, ta tsaya a tsakar gida tana gyara jaka. Sai na ji ta ce,

"Sakinatu."

Kwanon da ke hannuna ya suɓuce ya faɗa cikin ruwa. Na waiwaya ina neman wanda ya shigo, domin ban san yadda sunana yake a muryarta ba.

"Da ke nake. Ɗauko mayafinki. Yau akwai zaman iyali, an daɗe ana ce min in zo da wani nawa."

Na shiga ɗaki da gudu, hawaye ya hana ni ganin inda mayafin yake, sai da na lalubo.

Muka fito ta ƙofar gaba. Matan layi suna nan a ƙofofinsu, wata da tsintsiya, wata da goyo, kowa ta bar abin da take yi. Umma ta bi su ɗaya bayan ɗaya da ina kwana, har da wadda ta ja 'yarta. A bakin titi ta ɗaga wa mai Keke Napep hannu, wanda ya saba ɗaukarta.

"Hajiya, babban asibiti ko?" ya ce.

"A'a, yau ba sai ka sauke ni a can na ƙarasa da ƙafa ba," in ji Umma, da muryar da duk layin zai ji. "Gidan Sauƙi za ka kai mu, ni da 'yata."